Askin Ciyawar Alhaji Barau

Alhaji Barau irin masu kuɗin nan ne da ke ganin ko ciyawa ma baiwarsu ce. Rannan ya kira Tanimu, mai yanke masa ciyawar tsakar gida duk Asabar, ya tsayar da shi gaban baƙi.

"Kai, na gaji da ƙarar injinka. Ka yi wa ciyawar nan aski ɗaya tak, kada ta ƙara tsirowa, kuma ta zauna kore shar. In ka kasa, ba gidan da zai sake ɗaukarka a layin nan."

Tanimu ya russuna. "Ranka ya daɗe, na san askin da ba ya tsirowa, a gidan nan ma yake. Ban dai duba ko kore ba ne."

"Ina yake? Nuna mana."

"Yana ƙarƙashin hularka, Alhaji. A ɗaga mu gani. In kore ne, gobe ciyawa za ta samu irinsa."

Baƙi suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Alhaji ya dafe hula a kan sanƙonsa da hannu biyu.

Can ya ce, "Ka zo ran Asabar."