Malam Tanimu da Yaron da Ke Toshe Kunne

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin kakanninmu, ana ce masa Malam Tanimu. Kada ku ji na ce malam ku ɗauka wani shehi ne. Gardi ne kawai a makarantar allo ta unguwa, yana biya wa ƙananan yara karatu a ƙarƙashin babban malami, Alaramma Gambo. Ɗakin da yake kwana na Alaramma ne, tuwon da yake ci daga gidan Alaramma ake fito da shi. Ku riƙe wannan, don ku san abin da yake iya rasawa.

A cikin yaran akwai Nafi'u, ɗan wani baduku mai suna Ilu. Sa'o'insa duk sun yi wayo, shi ko baki bai yi ba. Ba ya haɗa ido da kowa, in ya zauna sai ya yi ta rangaji gaba da baya. Haka Allah Ya halicce shi, kuma Allah ba Ya kuskure.

To, kun san makarantar allo. Kowa da allonsa, kowa na ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, wanda ya yi ƙasa-ƙasa bulala ta tashe shi. Da zarar an ɗauki karatu sai Nafi'u ya toshe kunnuwa ya ƙwalla ƙara, ya riƙa buga kansa da bango. Wanda ya matso kusa ya sha cizo.

Me mutane suka ce? Kun riga kun sani, don ku ma abin da za ku ce ke nan. Suka ce aljani ne, kafirin aljani, ba ya son jin maganar Allah. Ku saurara da kyau, ban ce babu aljanu ba, akwai su. Amma mu, yaro ya yi atishawa aljani, akuya ta ƙi cin dusa aljani. Mun mayar da aljanu jakunan ɗaukar mana lalacinmu.

Sai aka shiga magani. Tunda aljanin ba ya son karatu, a ƙara masa karatu. A danne yaro, a kafa baki a kunnensa a yi ta ɗaga murya. Yana ƙara ihu, ana cewa, "Kun ji ko? Yana ƙonewa!" Da abin ya ƙi, Alaramma ya sa aka kawo garwashi a kasko da barkono da bargo, ya ce wa Tanimu, "Riƙe min shi."

Tanimu ya riƙe shi, don bai taɓa musa wa malaminsa ba. Aka watsa barkono a wuta, aka lulluɓe kan yaro da bargo. Jama'a, babba ma ya shaƙi wannan hayaƙi ya gaya mini! Nafi'u ya laluba cikin duhun bargo ya samu hannun Tanimu, ya kafa masa haƙori a yatsa sai da ya taɓa ƙashi. Tanimu bai mare shi ba, bai zage shi ba. Ya yaye bargon. Abin da ya gani yaro ne ya yi fitsari a wando don tsoro, ƙirjinsa na bugawa kamar na ɗan tsako a hannu.

Daga ranar ya fara lura. Bai san sunan ciwon ba, bai san maganinsa ba, ido kawai ya sa. Ya ga in mata sun haɗu suna daka, yaron na toshe kunne. In makaɗa sun wuce da kalangu, haka. Ranar kasuwa ma haka.

Sai wata Alhamis, ranar da babu makaranta. Shi Nafi'u bai san Alhamis ba, kullum ƙafarsa nan take kawo shi. Ya tarar da Tanimu shi kaɗai a zaure yana tilawa a hankali, murya can ƙasa. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa, ya matso, ya ƙara matsowa, ya zauna har gwiwarsa na taɓa ta Tanimu. Yana rangajinsa yana saurare, har aka kira azahar bai toshe kunne ba.

Tanimu ya je ya durƙusa gaban Alaramma ya ce, "Allah gafarta Malam, ina ganin ba karatu yaron nan yake gudu ba, hayaniya ce ke masa ciwo. A ba ni shi gefe guda in gwada."

Alaramma ya ce, "Kai Tanimu, yaushe ka fara ganin abin da ban gani ba? Tashi ka ba ni wuri."

Ana nan, Nafi'u ya ciji wani yaro, iyaye suka taru ƙofar mai unguwa. Aka yanke shawara a kai shi gidan mari, inda ake ɗaure kangararru da ƙarfe a ƙafa. Ilu, uban yaron, talaka ne mai jin kunyar mutane, ya gaji da ba da haƙuri gida-gida. Har ya auna ƙafar ɗansa da zare zai kai wa maƙeri, don marin da ke akwai duk sun yi wa yaron yawa. Ku ji fa, sun yi masa yawa! Wannan kaɗai bai isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani ba?

Shaida ɗaya ta rage. Alaramma ya ce, "Tanimu, kwance tsumman da ka ɗaure yatsanka da shi ka nuna wa mai unguwa hannunka. Ka faɗa masa yaron nan ba ya zaunuwa cikin mutane."

Tanimu ya kwance. Yatsa ya kumbura ya yi baƙi. Mutane suka ɗauki salati.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ya cije ni, ba zan ɓoye ba. Amma ni na danne shi cikin hayaƙin barkono. Da ni aka yi wa haka, da na yi abin da ya fi cizo. Kuma ba zan ce ba ya zaunuwa ba, don ya zauna da ni tun hantsi har azahar yana jin karatu."

Alaramma ya ce, "Wato ni na yi ƙarya?"

"Allah gafarta Malam, ban ce ba. Abin da na gani na faɗa."

"To ka kwashe buzunka ka bar min ɗaki yau."

Cikin dattawan nan masu gemu, babu wanda ya goyi bayan Tanimu. Tanimu ya ce, "To, Malam, na gode da riƙon da aka yi min." Sannan ya juya ga Ilu ya ce, "Malam Ilu, ka ba ni shi kullum da safe. In ya sake ji wa ɗan wani ciwo, marin da za ka sa a ƙera, a ƙera shi daidai ƙafata."

Ilu ya ce, "Na ba ka, Malam."

Kada ku ɗauka washegari aka ga abin mamaki. Ina! Tanimu ya koma wata rumfa a bayan gari yana ɗinkin hula don ya ci abinci, yaro na gefensa. Yaron ya yaga masa riga, ya zubar masa da tawada, ya fasa masa allo. Tanimu ya gwada wata dabara ta ƙi, ya sake wata. A ƙarshe ya koya masa abu ɗaya. In hayaniya ta yi yawa, yaron ya ja hannun rigar Malam, shi kuwa nan take ya tashi ya kai shi inda babu kowa. Ko ɗinki yake, ko cin abinci yake, sai ya tashi. Da yaron ya gane akwai hanyar cewa "ya ishe ni" kuma ana jin sa, cizo ya yi ta raguwa har ya daina. Ashe duk ihun nan magana yake, babu mai saurare.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wata safiya Ilu ya biyo ta rumfar, ya ji murya biyu maimakon ɗaya. Ta biyun siririya ce, tana bin ta Malam a baya, kalma na fita rabi-rabi. Ya leƙa ya ga bakin ɗansa ke motsi. Mutumin nan ya zube a ƙasa yana kuka kamar mace ta yi rashi, yana cewa, "Wannan na so in ɗaure? Wannan?"

Kun san abin da garin suka ce? Suka ce hayaƙin Alaramma ne ya yi aiki daga baya! Wallahi abin nan na ci min rai. Ba wanda ya je ya ba Tanimu haƙuri, ba a mayar da shi makaranta ba. A rumfar nan ya tsufa, kuma bai taɓa kai ƙarar kowa ba sai dai ya ce Allah Ya shirye mu. Nafi'u bai zama malami ba, bai ma zama mai yawan magana ba. Amma ya girma da ƙafafunsa a sake, yana sallah a ƙarshen sahu kusa da ƙofa.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Yaron da ba ya iya faɗa da baki, da jikinsa yake faɗa, kuma dukansa kafin a fahimce shi zalunci ne, ko da carbi a hannunka ka yi shi. Kafin ka ɗaga bulala ka tambaya, yaushe yake yin haka, me ya faru kafin ya yi, me yake gudu? In ka rasa ganewa, yanzu akwai likitoci da malaman da suka karanci irin waɗannan yara, ka kai shi, ba abin kunya ba ne. Ku malaman makaranta, na allo da na boko, ku ji tsoron Allah, amana aka ba ku ba jakuna ba.

Kuma kada kowa ya waiga yana neman Alaramma Gambo a sahun baya. Ina sane a unguwar nan akwai gidajen da in baƙi za su zo, sai a tura wani yaro ɗakin baya a ja ƙofa. Wataƙila wani ma sai da ya sa wa ƙofar kwaɗo kafin ya yi alwala ya taho nan. Yaron nan yau ba shi da baki. Ranar da za a tsaya gaban Allah za a ba shi baki, kuma kai za a sa ka yi shiru ka saurara. Ka tashi ka je ka buɗe masa ƙofa tun kana da iko.