Bugu Biyu a Kan Katako

Darakta mutum ne mai basira, amma ba ya jin maganar kowa. Ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo tana da tsohuwar ƙa'ida wajen gwajin faɗa. Ana farawa a hankali, ana ƙirga kowane motsi, kuma wanda ake shaƙewa shi ke riƙe da hannun mai shaƙe shi. Idan abu ya ɓaci, sai ya bugi katakon dandamali sau biyu, kowa ya tsaya.

Darakta ya raina wannan tsari. Ya ce rawar tsofaffi ce, masu kallo ba yara ba ne.

Saura kwana uku a fara nuna wasan, aka zo gwajin wurin da miji ke shaƙe matarsa. Dogo ne mijin. Matar kuwa Auta ce, ƙanwar Darakta, wadda muryarta ke cika ɗakin kallo ba lasifika.

Darakta ya daka tsawa. "Dogo, shaƙe ta kake yi ko shafa mata mai? Ke Auta, saki hannunsa. Ki riƙa dukan katako kamar mai neman ceto, ya fi kyau."

"Yaya, ai dukan katakon shi ne alamarmu."

"Ni ne alamar. Sai na ce a tsaya."

Sau bakwai suka maimaita. Darakta ya jefi Dogo da kujera, ya kira shi rago a gaban kowa. A na takwas Dogo ya danne ta da gwiwa, idanunsa jawur, ya matse da gaske. Auta ta bugi katako sau biyu. Ta sake bugawa. Farcenta ya ɓalle, jini ya ɓata katakon, ƙafafunta na shure-shure.

"Yauwa! Haka nake so! Ci gaba!" Darakta har da tafa hannu.

Sai da hannun Auta ya saki, ya daina motsi, sannan mai ɗinka musu kayan wasa ta kurma ihu, ta maka wa Dogo dutsen guga a kafaɗa.

A asibiti likita ya ce ta tsira da ranta, amma maƙogwaronta ya murƙushe, muryar ba za ta dawo ba. Darakta ya durƙusa gefen gado yana kuka.

"Auta, me ya hana ki gaya mini?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannunta mai bandeji, ta bugi ƙarfen gadon sau biyu.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'idar da ka tarar a wurin aiki, wahalar wani ce ta haife ta. Kada girman kai ya sa ka rushe ta kafin ka tambayi dalilinta. Shugaban da ya toshe hanyar da za a ce masa "tsaya", da hannunsa zai cutar da wanda ya fi ƙauna.