Wanda Ya Rantse Gonar Ubansa Ba Tasa Ba Ce

Ya 'yan uwa, na baya ku ajiye hirar nan ku saurara.

An yi wani mutum a nan yankinmu na Corentyne, manomin shinkafa. Ba zan kama suna ba, danginsa na zaune a cikinmu. Eka arba'in ya gada daga ubansa, ga tarakta, ga injin girbi. Da aurensa da Zorina ya mutu, alƙali ya yanke zai riƙa ba ta dala dubu tamanin duk wata, ita da 'ya'yansu uku. Ya sa hannu, ta sa hannu.

To, duk ƙarshen wata sai ya ji kamar haƙorinsa ake cirewa. Lauya ya gaya masa ba a taɓa hukuncin da aka gama sai mutum ya nuna arzikinsa ya karye. Sai ya nufi shagon ƙaninsa Haniff.

"Zan mayar da takardar gonar da sunanka. A takarda ne kawai, noma ni zan ci gaba da yi."

Haniff ya yi dariya. "Haba Yaya, ni da ban san shinkafa ba sai a faranti?"

"Sunanka nake so, wa ya tambayi hannunka?"

Aka buga sanarwa a jaridar gwamnati kamar yadda aka saba, babu wanda ya yi jayayya, gona ta koma sunan Haniff. Mutumin nan ya shiga kotu, ya ɗauki Alƙur'ani da hannunsa na dama, ya rantse ambaliya ta cinye shi har ya sayar da komai. Aka mayar da dubu tamanin dubu goma sha biyar. Zorina ta cire babbar 'yarsu daga makaranta, suka kama sayar da gurasar nan ta roti a bakin titi. Yana wuce su a kan tarakta, ko a jikinsa.

Kuna tsammani Allah ya manta?

Bayan shekara uku matar Haniff ta nemi saki. Lauyanta ya binciko dukiyar miji don a raba, sai ga eka arba'in da sunan Haniff. Kotu ta aiko wa mutuminmu sammaci, ya zo ya shaida cinikin.

Wallahi tun ranar ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce gonar tasa ce, ya tona rantsuwar ƙarya, gidan yari na jiransa. In ya ce ya sayar, gonar ubansa ta tafi. Ya duba gabas ya duba yamma, babu mafita. Tsoro ya kama shi, har ƙarar mota a ƙofar gida sai ta sa ya leƙa ya ga ko shi aka zo ɗauka.

Ranar shari'a aka miƙo masa Alƙur'ani. Ya ɗauka, gumi na ɗiga daga gemunsa. Alƙali ya tambaye shi.

"Ka sayar wa ƙaninka gonar nan?"

"Na sayar."

"An biya ka?"

"An biya ni."

Da bakinsa ya raba kansa da ita. Rabin gonar ya tafi ga matar Haniff, ta sayar. Ragowar kuwa Haniff ya sayar, ya hau jirgi ya bar ƙasar sai Toronto, ko sallama babu.

Mutuminmu kuwa da ƙafa ya zo rumfar Zorina, ya rame, yana cewa ta yafe masa. Ta naɗe roti ta miƙa masa.

"Ci, baban yara. Nawa haƙƙin da sauƙi. Amma Littafin da ka ɗaga sau biyu ba nawa ba ne, ni ba ni da ikon yafe wannan."

Ya tsaya da rotin a hannu, ya kasa kai shi baki. Bai kai girbi na gaba ba. Ni na yi masa wankan gawa, kuma har yau in na tuna yadda hannun damansa ya ƙi miƙewa, jikina sai ya yi sanyi.

Ya 'yan uwa, abin da aka yanke wa matar da ka saki amana ne a wuyanka. In da gaske ka karye, je ka faɗi gaskiya, a sassauta maka. Amma ka ƙirƙiri talauci, ka kira Allah shaida a kai? Me za ka ce ranar da hannun nan zai yi magana, bakinka a rufe?

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin raunana, ya kiyaye harsunanmu da rantsuwar ƙarya, ya ba mu tuba kafin a ɗauke mu. Amin.