Lemon Tsamin Auta

An yi wata tela mai ɗinkin kayan mata a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta. Mace ce mai zafin nama, in ta yi abu sai ka duba ka rasa inda za ka kushe. Aibinta ɗaya ne, amma fa babba: ba ta iya ganin aiki a hannun wani ta ƙyale. Mai koyon ɗinki na fama da zare da allura, sai ka ji, "Kawo nan!" Mijinta, direban babbar mota, ya tsaya ninke rigarsa, "Kawo nan!" Har 'yan shagonta suka laƙaba mata Kawo-Nan. Da sunan ya zo kunnenta dariya ta yi, ita a ganinta yabo ne.

In zafi ya shigo, fanka ta koma hura iska mai ɗumi, babu abin da ake jira a gidan kamar lemon tsamin da take haɗawa. Takan murza lemon a kan tebur da tafin hannu har ya yi laushi, ta raba shi biyu, ta matse a hankali don kada ɗacin ɓawo ya shiga. Sukari kuwa a ruwan ɗumi take narkar da shi tukuna. Sai ta tace, ta ƙara ruwan sanyi, ƙanƙara ta zo a ƙarshe. Kowa ya sha sai ya miƙo kofi a ƙara masa, amma ba wanda ta taɓa bari ya taɓa mata ko wuƙar.

Tana da 'ya ɗaya da ta rage a gabanta, Auta, 'yar shekara goma sha uku. Ranar da mahaifinta zai dawo daga doguwar tafiya, Auta ta zo bakin keken ɗinki tana murza yatsu.

"Mama, yau ki bar ni in haɗa wa Baba lemo."

Ɗinki ya sha wa Kawo-Nan kai a ranar, mai kaya na zaune tana jira. Ta ce, "Je ki, amma kada ki yi min ɓarna."

Auta ta shiga kicin da murna. Ta matse lemo iya ƙarfinta, ta zuba sukari, ta kuma gurza 'yar citta ta saka, don ta san Babanta da son citta. Ta kawo wa uwar a cokali. Kawo-Nan ta ɗanɗana. Akwai ɗan ɗaci, sukarin ma ya kwanta a gindin jog.

"Ya yi," in ji ta. "Maza je ki ƙarshen layi ki sayo ƙanƙara."

Yarinya na fita, ta miƙe ta tuttule jog ɗin nan kaf a makwarara, ta haɗa nata cikin sauri. Ko a jikinta. A zuciyarta ma cewa take ta rufa wa 'yarta asiri.

Direba ya iso rigarsa sharkaf da gumi. Auta ta tsiyaya masa da kanta, ta tsaya tana kallon bakinsa. Ya shanye a tashi ɗaya, ya yi ajiyar zuciya.

"Kai! Auta, ke kika yi wannan? Wallahi hannun uwarki kika ɗauko sak!"

Yarinya ta washe baki, ta zuba kaɗan ta kurɓa. Sai murmushin ya tsaya. Ta sake kurɓa, ta leƙa cikin jog, sannan ta ɗago ta dubi uwarta.

"Mama, ina cittar da na saka?"

Auta ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Baba, ba nawa ba ne." Ta shige ɗaki.

Tun daga ranar yarinya ta janye hannunta daga komai. A ce ta ɗora ruwa, sai ta ce, "Ki yi, Mama, ke kika iya." Ba rashin kunya, ba ɗaga murya, sai dai ta daina leƙowa kicin, ta daina zama a shago tana tsintar ƙyalle kamar da. Uwar ta yi faɗa, ta kira shi lalaci, ta kira shi taurin kai. Ana nan sai Auta ta roƙi mahaifinta ya mayar da ita gidan Gwaggonta, inda ta taɓa zama, ta ci gaba da makaranta daga can. Har ta fara haɗa kaya a jaka.

"Me ta rasa a gidan nan?" Kawo-Nan ta tambayi mijinta, ranta a ɓace.

"Na tambaye ta," in ji shi. "Cewa ta yi a gidan Gwaggo ana barinta ta yi abu, ko bai yi kyau ba a ci a yi dariya."

"Haba! Ni fa don kada ta ji kunya a gabanka na yi."

"Ni na ce miki ina tsoron ɗaci? Na sha shayin tasha iri-iri ban mutu ba. Abin da 'yata ta yi min da hannunta nake so, kika zubar a makwarara kika ba ni naki."

Kawo-Nan ta koma shago ta zauna, ta kasa taka keke. Tsoro ne ya kama ta, na gaske, don ta ga 'yarta za ta bar gidan tana ganin hannunta bai iya komai ba, kuma ita ce ta koya mata haka.

Da rana ta take, ta fita ta sayo lemon tsami cike da leda, ta zube a tebur, ta kira Auta.

"Na yi miki laifi biyu. Na zubar miki da aiki, na kuma ce ya yi alhali ba haka ne a raina ba. Ki yafe min. Ƙishi nake ji, ki haɗa min lemo."

Auta ta dube ta da shakka. "Ki sake zubarwa?"

"In na tashi daga kujerar nan, ki kira Babanki."

Uwar ta jawo kujera ta zauna, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta. Wayyo, ranar ta ga azaba! Auta ta riƙe wuƙa a karkace, uwar ta cije leɓe. Ƙwallon lemo ya faɗa cikin jog, ta runtse ido. Gumi ya karyo mata, ba na zafin gari kaɗai ba. Direba na tsaye a bakin ƙofa yana danne dariya.

Can sai Auta ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mama, me ya sa naki ba ya ɗaci?"

"Kada ki matse shi har ƙarshe. In ruwan ya ragu, ki sake shi."

"Sukarin fa?"

"Narkar da shi a ruwan ɗumi kafin ki haɗa."

Da baki kawai ta faɗa, hannu bai motsa ba. Da aka gama, ta karɓi kofi ta shanye tas a gaban yarinyar.

"Yaya?" in ji Auta.

"Tsami ya ɗan yi yawa, gobe ki ƙara ruwa. Amma babu ɗaci ko kaɗan. Ƙaro min."

Auta ta tuntsire da dariya, ta cika mata kofi har yana zuba. Da yamma uwar ta wuce ta ƙofar ɗakin Auta, ta hango ta a durƙushe tana fitar da kayanta daga jaka tana mayarwa cikin durowa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya aiki baiwa ce, amma in ta sa kana ƙwace aiki daga hannun na ƙasa da kai, to kana kashe musu zuciya ne. Yaro da kuskure yake koyo. Ka bar shi ya yi, ka faɗa masa gaskiya cikin taushi, kada ka yabe shi a gaba ka gyara a ɓoye. In kuma ka riga ka ɓata, neman afuwa wurin ɗanka ba ya rage maka girma.