Shukar Kan Iyaka

Akwai wani mutum mai suna Russell da ke zaune da matarsa Janine a wata unguwa ta bayan garin Cedar Rapids, can ƙasar Turawa. Ba mugu ba ne, ba ya faɗa da kowa, yana gaida mutane. Ciwonsa ɗaya ne tak, ciyawar ƙofar gidansa.

Da zarar ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fara kore, to Janine ta yi sallama da mijinta sai kaka. Yana da na'urar ban ruwa da ke duba ko za a yi ruwan sama kafin ta buɗe kanta. Yana da mahurin iska na share ganye, wanda ke hana mutane barcin safiyar Asabar. Bana kuma ya sayo injin yankan ciyawa mai tuƙa kansa, ɗan gajere mai faɗin baya, wanda ake zana wa iyakarsa a waya. Janine ta sa masa suna Kunkuru.

Russell kan tsaya a bakin titi da kofin kofi, yana kallon Kunkuru na kai-komo kamar uban da ɗansa ya fara tafiya. Duk wanda ya tsaya gaisawa, sai ya sha lacca.

Maƙwabcinsa na dama wani dattijo ne, Baba Orville, tsohon direban motar makaranta. Matarsa Lorraine ta rasu shekara biyu da suka wuce, tun daga nan yake zaune shi kaɗai. Har yanzu da tsohon injin turawa yake yanka ciyawarsa, mai hayaƙi da tari, kuma ba ya damuwa in layi ya karkace.

Tsakanin gidajen biyu babu katanga. Abin da ke wurin shuka ce guda ɗaya mai duhun ganye, tsayinta ya kai gwiwa. Ita ce ta tsaya wa Russell a wuya.

Shekara huɗu yana gidan, bai taɓa ganin ta yi fure ba. Duk watan Mayu sai ta fito da wasu ƙulle-ƙulle kamar ƙwallon yara, tururuwa ta yi musu baƙi ƙirin, bayan 'yan kwanaki kuma ƙullen su ɓace. A ganinsa shuka ce mai cuta, tururuwa ke cinye ta. Abin da ya fi ba shi haushi, duk sanda Kunkuru ya iso wurin sai ya yi karo da ita, ya ja da baya, ya bar wani lungun ciyawa a tsaye.

Wata ranar Asabar, saura kwana tara a yi ziyarar kaburbura da ake yi a ƙasar duk ƙarshen Mayu, ya buɗe taswirar filaye a wayarsa. Ya ga layin iyaka ya ratsa ta tsakiyar shukar. Ya ruga kicin ya nuna wa Janine, yana murna kamar ya ci shari'a.

Janine ta ce ya bari Baba Orville ya dawo, don ya tafi wurin 'yarsa sai gobe. Ta ce shukar ta girme su a unguwar, kuma tambaya ba ta cin komai.

"Tambayar me? Ga shi nan a waya, rabi a filina take," in ji Russell. "Ni taimakonsa ma zan yi. Tsoho ba ya iya sunkuyo, ga tururuwa tana neman shigar masa gida."

"To Malam mai waya," ta ce, "Allah ya sa wayar ce za ta yi masa bayani."

Ya ɗauko sabon abin sassabe mai batir wanda bai taɓa gwadawa a kan abu mai kauri ba. Da farko ya yi niyyar ya tsaya a rabinsa. Amma abin yana ci kamar wuƙa a cikin man shanu, rabin da ya rage kuma ya zama wani iri, sai ya zarce. Cikin minti uku wuri ya zama fili, in ban da wasu rassa biyu da suka kwanta can ta ɓangaren dattijon, waɗanda bai lura da su ba. Ya kwashe ganyen ya cusa a buhun takarda na sharar lambu, ya naɗe bakinsa, ya ajiye a gefen gareji. Sannan ya miƙe layin Kunkuru a waya, ya ji daɗi.

Daɗin bai kai kwana ɗaya ba.

Washegari da rana yana wanke mota ya ga Baba Orville ya fito da almakashi da tsofaffin jaridu a hammata. Dattijon ya nufo iyakar a hankali, ya tsaya. Bai yi ihu ba, bai waiwaya ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dafa gwiwa ya durƙusa da ƙyar, yana shafa kututturen da aka sare da tafin hannunsa.

Russell ya ajiye soson wankin motar. Bai san mece ce shukar ba, amma ya san ba a durƙusa wa ciyawar banza haka.

Ya je ya tsaya a kansa, kuma kafin ya yi tunani ƙarya ta riga shi fita. Ya ce injin ne ya rikice jiya, ya tsallake layinsa, ya ce har ya rubuta wa kamfanin wasiƙar ƙorafi. Yana magana yana jin kunnuwansa na zafi.

Baba Orville ya dubi kututturen, ya dubi buhun da ke gefen gareji, ya dubi Russell. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Inji ai ba ya da ido."

Ya ce shukar fure ce da ake kira fiyoni, Lorraine ta kawo saiwarta daga gidan mahaifiyarta shekarar da suka yi aure. Tururuwar nan zaƙin da ke jikin ƙullen take lasa, ba ta cutar da komai. Ba a ganin furen a jiki ne saboda ana yanke shi da ya fara laushi, a naɗe a jarida a sa a firiji, ya jira ranar ziyara. Sai ran nan a fito da shi a sa a ruwa ya buɗe, a kai maƙabarta, yanzu ma can Lorraine take.

Russell ya ruga ya kwance buhun, ya zazzage a kan siminti. Dattijon ya ɗauki ƙulli ɗaya ya matsa da yatsa, ya girgiza kai. Wasu abin sassaben ya farfasa su, sauran sun kwana a buhu sun yi yaushi. Ya yanke rassa biyun da suka tsira, ya naɗe a jarida, ya koma gida.

Janine tana tsaye a taga, ta ji komai. Da Russell ya shigo ba ta yi masa faɗa ba, wannan ya fi faɗan ciwo. Ta zuba masa abinci ta ce, "Kunkuru dai ya sha ƙazafi yau." Ya kasa cin rabin farantin.

Satin nan Russell ya zama ɓarawo a gidansa. Sai ya leƙa ya tabbatar dattijon ba ya waje kafin ya fita ɗaukar wasiƙu. Ya daina tsayawa a bakin titi da kofi. Ranar Laraba ya sayo wani ƙaton tulin fure daga kanti, ya kai har ƙofar Baba Orville, ya kasa danna ƙararrawa, ya dawo da shi. Sau biyu dattijon ya ɗaga masa hannu daga nesa kamar kullum, shi kuma ya yi kamar yana duba waya. Kunya ce ta gaske, irin wadda ke bin mutum har wurin aiki.

Ranar Litinin ta ziyara ta zo. Mahaifiyar Russell ta rasu shekara uku da suka wuce, kabarinta yana babbar maƙabartar garin. Al'adarsa ya je bayan azahar, in an gama gasa nama a bayan gida, da furen roba da ya saya a hanya. Kuma duk shekara yakan tarar an riga shi. Gwangwanin kofi naɗe da takardar azurfa, cike da manyan furanni masu ruwan hoda da ƙamshi. Ya ɗauka yayarsa Colleen ce, da ke zaune tafiyar awa biyu daga garin, tana zuwa da sassafe don kada su haɗu. Ba su cika shiri ba, bai taɓa tambayar ta ba.

Bana ya iso shi da Janine, babu gwangwani. Kabarin fayau, sai ciyawa.

Haushin da ya yi sati yana cin sa ya samu wurin sauka. Ya kira Colleen, ko gaisuwa babu, ya ce ashe bana ta manta da Mama.

"Na manta da me?" in ji Colleen. "Ni da ƙafata ba ta taka wurin ba tun ranar jana'iza? Hoton da kake turo min duk shekara, ai na ɗauka kai kake kaiwa. Har ina cewa ashe Russell yana da zuciya."

Yana riƙe da wayar a kunne, Janine ta taɓa masa hannu ta nuna masa hanya da haɓa.

Baba Orville ne ke tahowa tsakanin kaburbura, da rigar coci da hular rana, yana takawa a hankali don kada ruwa ya zube. A hannunsa gwangwanin kofi ne naɗe da takardar azurfa. A ciki fure ɗaya ne tak, mai ruwan hoda, ya buɗe sosai.

Da ya gan su ya ɗan tsaya, kamar wanda aka kama yana laifi. Ya ba da haƙurin makara, ya ce furen ne ya ƙi buɗewa da safe, sai da ya sa shi a ruwan ɗumi ya zauna yana jira. Ya sunkuya ya ajiye gwangwanin a gaban dutsen kabarin, ya danna shi cikin ƙasa don kada iska ta kayar.

Russell ya tambaye shi ko shi ne ke kawo furen duk shekarun nan.

Dattijon ya ce Lorraine ce ta fara. Da gangan ta dasa shukar a kan iyaka, ita da matar da ke gidan Russell a da, don gida biyu su raba. Dokarta ce, rabin fure na wancan gidan ne, ko wa ke cikinsa. Da mahaifiyar Russell ta rasu, Lorraine ta ce sun ga yaron nan aiki ya yi masa yawa, bari su kai masa rabonsa inda ya dace. Bayan ita ma ta tafi, shi ya ci gaba.

"Bana biyu suka tsira," ya ce. "Ɗaya yana wurin Lorraine. Wannan naku ne."

Russell ya dubi furen roba da ke hannunsa, har da takardar farashi a jiki. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Da hannunsa ya sassabe furen mahaifiyarsa, ya cusa a buhun shara, ya ɗora wa inji laifi. Mutumin da ya yi wa ƙarya kuwa fure biyu suka rage masa a duniya, ya raba biyu ya kawo masa ɗaya.

"Baba, ba injin ba ne," ya ce. "Ni ne. Janine ta hana ni, na ƙi. Kuma babu wata wasiƙa da na rubuta."

"Na sani," in ji Baba Orville. "Ban taɓa ganin injin da ke naɗe bakin buhu ba."

Janine ta kau da kai, tana dariya tana share ido. Russell ya tambaye shi me ya sa bai tona shi ba tun ran nan. Dattijon ya ce shekara talatin yana tuƙa yara, ya koyi cewa in yaro ya yi ƙarya kunnuwansa suka yi ja, ba sai ka ƙara masa komai ba, zai kawo kansa.

Russell ya ce zai sayo wata shukar, mafi girma, ko daga ina ne. Baba Orville ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kada ya kuskura ya tone ta, kada ya zuba mata wani magani daga kanti. Ya ƙyale ta kawai. Wataƙila baɗi ta yi fure, wataƙila sai baɗin baɗaɗa.

"Ni dai ban san ko zan kai ba, gwiwoyin nan sun fara yi min gardama," ya ce. "Shi ya sa gara ka koyi yadda ake yankan. In na tafi, gwangwani uku za ka riƙa kawowa."

Da yammacin ranar, maƙwabta sun ga Russell durƙushe a kan iyaka, ba waya a hannunsa, yana kafa 'yan sanduna kewaye da kututture. Kunkuru ya zo ya yi karo da sanda, ya ja da baya, ya bar lungun ciyawa a tsaye. Har yau lungun yana nan, ba wanda ya sake yanka shi.

Darasi: Wayarka za ta iya nuna maka inda filinka ya ƙare, amma ba za ta gaya maka wa ya shuka abin da ke kansa ba, ko don wa aka shuka. Kafin ka sare abin da ka tarar, ka tambayi wanda ya riga ka zuwa. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗi gaskiya da wuri, domin ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila akwai mai yi maka alheri a ɓoye wanda kai kake ganin ya tare maka hanya.