Sunan Ɗan Fari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani ɗan kasuwa ne, Sallau, ya tafi saro kaya can birnin Sin. Ajali ya riske shi a can, aka binne shi a can.

To, mutanen wannan birni suna da wani wata da ake buɗe ƙofar lahira, matattu su fito zaga dangi. Ana ajiye musu shinkafa a bakin titi. In watan zai ƙare, kowa ya kira mamacinsa da suna, ya ce ya koma ya huta. Wanda ba a kira ba, ƙofa ta rufe da shi a waje.

Sallau ba mai kiransa. Haka yake ta gararamba tsakanin motoci, abin tausayi.

Wata kyanwa ce kaɗai ke ganinsa. Ta ce, "Baƙo, kai ba ka da uwa ne?"

Ya ce, "Ina da ita, Tabawa. Ga ta can ma, 'yan kasuwa sun kawo ta ganin kabarina. Amma ni ɗan fari ne. A garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya take ji."

Kyanwa ta ce, "Kunya? Bari in ji daga bakinta."

Ta sami tsohuwa ta kwashe labari ta faɗa mata. Da magariba Tabawa ta tsaya bakin titi, ta ce, "Yaron nan, koma ka huta." Ƙofa ba ta san wani yaron nan ba.

Washegari ta ce, "Mai sunan Sallah, koma ka huta." Nan ma ƙofa ba ta gane shi ba.

Rana ta uku ƙofa ta fara rufuwa. Kyanwa ta ce, "Tsohuwa, yau fa ko sunan, ko ɗan."

Sallau yana tsaye gabanta, ba ta ganinsa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Sallau."

Yara, tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya fashe da kuka, ya ce, "Na'am, Inna! Na'am!" Ya shige, ƙofa ta rufe.

Ita kuwa ba ta ji komai ba. Ta ce wa kyanwa, "Ya amsa?"

Kyanwa ta buɗe baki za ta isar da saƙo, sai kuka ya shaƙe ta. Abin da ya fito kawai, "Nyaam." Tabawa ta koma gida ba ta sani ba.

Shi ya sa har yau kyanwa ke bin ƙofofin tsofaffi da wannan kukan. Wanda kake so, kira shi tun yana iya amsawa ka ji.

Ƙurunƙus kan kusu, ku tashi haka nan.