Ƙauyen da Aka Goge Daga Jeri

Akwai wani mutum da aka ɗora wa kula da rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka arba'in. Koke-koke suka yi masa yawa, takardu suna ta ɓacewa, sai ya zauna ya tsara aikin a kwamfuta. Ya yi jeri uku: na ƙauyuka, na masu gyara, da na koke-koke. Kowane kuka sai an haɗa shi da sunan ƙauyensa. In sunan ba ya cikin jeri, fom ɗin ba zai karɓa ba.

Wata shekara ambaliya ta ci Tungar Marke, mutanenta suka tashi. Da mutumin ya ji, sai ya goge sunan. Ashe wani tsoho bai tashi ba, gama kabarin matarsa yana can.

Da rani famfon tsohon ya lalace. Ya yi tafiyar wuni a ƙasa, ya isa ofishin mutumin, ya iske matar da ke cika fom a can.

Ta ce, "Baba, daga wane ƙauye?"

Ya ce, "Tungar Marke, 'yata."

Ta duba, ta sāke dubawa. Ta ce, "Ba ya ciki, Baba. Bari in sa ka a ƙauyen da ke kusa da ku."

Masu gyara suka tafi wancan ƙauyen, suka tarar da famfon ƙauyen lafiya lau, suka rufe kukan. Tsohon ya yi ta zama a bakin hanya yana jira, ba wanda ya zo. Ya koma ofis, aka sāke yin haka. Daga nan bai ƙara zuwa ba.

Bayan wata biyu, mutumin yana duba kukan da aka rufe, sai ya ga 'yar magana da matar ta rubuta a ƙasan fom: "Ya ce shi kaɗai ya rage." Ya hau babur ya tafi. Ya sami tsohon kwance a bukka, ciwon ciki ya ramar da shi, gama ruwan kududdufi yake sha.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ba ƙishirwar ce ta fi damuna ba. Cewa aka yi garina babu shi, alhali ina ciki."

Mutumin ya kai shi asibiti, ya sa aka gyara famfon. Ya mayar da sunan cikin jeri, a gurbin yawan mutane ya rubuta: ɗaya.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Jerin nan zuciyarmu ce. Muna jin kukan waɗanda muka saba da su, wanda kuwa muka cire daga lissafinmu, ko ya yi kuka a gabanmu ba ya shiga. Ubangiji ba ya goge wuri domin mutum ɗaya ne ya rage a ciki. Akwai wanda ya daina zuwa sujada, ba kuwa wanda ya tambaya. Kun san sunansa. Kafin Lahadi mai zuwa, ku je ƙofarsa ku yi sallama.